Jar Layar Baffa

Gara in fara da laifina, tunda duk wanda ya san labarin nan a Madarunfa da shi yake farawa. Na saci laya don in ka da mutum a kokowa. Ashe ba laya ba ce, kuma ni aka kayar.

Shekarata goma sha biyar lokacin, a tsakiyar shekarun casa'in. Siriri ne ni ƙwarai, har kakata tana cewa in iskar hadari ta taso a fara ɗaure ni a jikin turmi kafin a kama kaji. Amma a cikin raina ni ne gwanin kokowar da duk ƙasar Maraɗi take jira. Na iya shiga fili da taƙama, na iya rawar, na iya ɗibar ƙasa in murza a tafin hannu ina harare-harare. Abu ɗaya ya rage mini in koya, shi ne ka da abokin karo. Babu wani gefe na filin garinmu da bayana bai san ɗanɗanon yashinsa ba.

Baffa ƙanen mahaifina ne, gida ɗaya muke zaune. Ya yi aiki a wani kamfanin haƙar ma'adinai can arewa, har ranar da ganga ta zame daga kan mota ta same shi a ƙugu. Sau biyu aka yi masa aiki a baya. Raunin ya warke, ciwon ya zauna. Yakan ce kamar an ciro waya daga cikin wuta an zura masa ita daga ƙugu zuwa diddigen hagu, kuma an manta ba a zare ba. An yi ƙaho, an yi tsaga, an sha sassaƙe da rubutu, an je likitar Maraɗi an sha allura, an sayo ƙwayoyi daga kasuwar Ɗan Issa masu launi iri-iri. Shekara shida yana kwance ƙarƙashin dogon yaron tsakar gidanmu. Yaran unguwa suna kiransa Baffan tabarma, kuma ba zan ɓoye ba, daga bakina sunan ya fito.

Sai wata rana takarda ta zo daga kamfanin. Aka tafi da shi Yamai, daga can aka wuce da shi Faransa. Bayan wata huɗu, damina tana tsakiya, muka ga mutum ya taho daga tasha a ƙafa, riƙe da jakarsa da kansa. Kaka ta saki ludayin da ke hannunta. Duk wanda ya tambaye shi abin da Turawa suka yi masa, amsa ɗaya ce: "Aiki aka yi, Allah ya sa an dace." Ba ya ƙarawa. Abin da ya ƙaru a jikinsa kawai, bayan kwana biyu da dawowarsa, wata sabuwar laya ce ta jar fata a wuyansa.

Akwai gona a bakin tabki, rabon Baffa ce daga gadon kakanmu. Duk shekarun da yake kwance Baba ne yake noma ta, ya zuba masa hatsin a rumbunsa. Da ƙarfi ya fara dawo wa Baffa sai ya ce yana son gonarsa. Ina zaure ina yi kamar ina gyaran igiyar akuya lokacin da suka yi maganar.

"Yaya, na gaji da cin abin da ban shuka ba."

"Ba hana ka nake ba," in ji Baba. "Tsoro nake ji. Na ga yadda ciwon nan yake sa ka cizon tabarma."

"Ya wuce."

"To mu gani. Dawa ta kusa yanka. Ranar gayya ka taka da ƙafarka daga nan zuwa gonar, ka wuni tare da mutane, ka dawo da ƙafarka. In ka yi haka, baɗi kai za ka shuka ta. In ba ka iya ba, kada ka sake tayar mini da maganar, don ba zan ɗauko ka a amalanke daga tsakiyar gona ba."

Baffa ya ce ya yarda. Da dawa ta nuna aka sa ranar Alhamis, aka faɗa wa mutane a masallaci.

Ni kuma a wannan tsakanin na gano wani sirri, ko in ce na ɗauka na gano. Leƙe yana cikin sana'o'ina na lokacin. Na lura kullum bayan azahar, in Baffa zai ɗan kwanta, sai ya ciro jar layar ya danna ta a gefen cikinsa, ƙasa da haƙarƙari, sannan ya rataye ta a ƙusa bayan ƙofa. In ya farka kuwa, da ƙyar yake juyawa, haƙora a cije, ya ja jiki ya ɗauko layar, ya sake danna ta a wurin nan. Sai ya yi shiru kamar mai sauraron wani abu daga nesa. Can sai ka ga fuskarsa ta saki, ya miƙe tsaye, ya ɗauki butarsa ya fita kamar kowa.

Na zauna na yi lissafi irin wanda ban taɓa yi wa mushe, malaminmu na boko, a lakwal ba. Layar da take tayar da mutumin da ya shekara shida a kwance, me za ta yi wa mai lafiya? Ai sai ya ɗaga jaki da hannu ɗaya. Na yi mamakin yadda Allah ya ajiye irin wannan abu a cikin gidanmu, ni kuma ina ta shan ƙasa a banza.

Ranar Talata samarin garin Safo suka zo karon kokowa. An gama da gero, kowa cikinsa ya cika, tun azahar ake jin ganga daga fili. Na jira har numfashin Baffa ya daidaita, na shiga ɗakin da sanɗa. Da na kama layar zan cire sai na ji tana jan ƙusar, ba ta son rabuwa da ita. Na janye, ta koma ta manne, ƙyas. Gashin jikina ya tashi. Na ce a raina, wannan ko ƙarfe tsoronta yake ji, balle ɗan Safo. Niyyata in mayar da ita kafin ya farka, ko dai jim kaɗan bayan haka. Ban yi dogon tunani a kan wannan ɓangaren ba.

A bayan wani rumbu na ɗaura ta a damtsen dama, na ja igiyar da haƙori. Da na isa fili ban nemi tsarana ba. Na wuce su duka, na je na tsaya gaban babbansu, wani ƙato mai wuya kamar gindin turmi, na miƙa masa hannu. Ya duba bayana, wai ko wani ne ya aiko ni. Abokaina suka fara ja mini wando.

"Kai, ka haukace? Wannan fa buhu biyu yake ɗauka!"

"Ku dai ku matsa, kada ya faɗo muku," na ce.

Na shiga tsakiyar fili. Na karkata na goga damtsena a gefen cikina daidai inda Baffa yake dannawa, abin da ya sa na tsaya a murɗe kamar mai ciwon ciki. Na yi shiru ina sauraro yadda yake yi. Wallahi na ji ƙarfi yana taso mini daga ciki. Daga baya na gane kunun da na sha ne.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. Na tuna hannunsa a ƙuguna. Na tuna na ga tabkinmu gaba ɗaya daga sama, har da masunta a cikin jiragensu, da wata mata tana shanya a can ƙetare. Sai kuma na ga ƙafafun mutane a kwance. Makaɗin ya ajiye gangarsa don ya samu damar yin dariya da kyau. Wani dattijo ya tambaya ko an fara ne, aka ce masa an gama.

Sai da na karkaɗe yashi daga kunnena na ga damtsena babu komai. Igiyar ta tsinke. Kafin in farga wasu sun shiga filin, karo ya bi karo, ƙafafu suna ta tona yashi suna binnewa. Da aka watse na yi ta laluben ƙasa har aka kira magariba. Na haƙura na kama hanyar gida ina lallashin kaina. Laya ce fa, malam zai rubuta wata, baduku ya ɗinke. Kuma ma layar da ta bari aka yi mini wannan wulaƙanci, ina amfaninta?

Tun daga zaure na ji gidan ba daidai yake ba. An shimfiɗa tsohuwar tabarmar nan ƙarƙashin dogon yaro, Baffa yana kanta a kan gefe ɗaya, ya naɗe ƙafar hagu, gumi yana zuba daga goshinsa. Matarsa ta fito da duk kayan ɗakinsu tsakar gida tana zazzage su ɗaya bayan ɗaya. Kaka tana share gindin katanga a duƙe, tana tona sharar da yatsa. Baba yana tsaye, hannu a baya.

"Wai duk wannan neman na laya ne?" ya ce. "Laya ce za ta kwantar da mutum haka?"

Ya juya ga Baffa.

"Jibi ne gayya."

"Na sani, Yaya," in ji Baffa, muryarsa tana fita ta tsakanin haƙora.

Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juya ya fita. Aka ba ni tuwo, na ci loma uku ya ƙi wucewa. Ni da nake sauke kwano biyu in leƙa na uku. Na so in yi magana, bakina ya ƙi buɗewa. Wannan shi ne karo na farko a tarihin gidanmu da aka ji ni shiru, kuma ina jin shi ya fara tona ni.

Da safe ina wanke fuska Kaka ta kira ni. Tsakanina da ita wasa ne kullum, ita ce matata, ni ne mijinta marar kawo cefane.

"Maigida, zo nan. An ce jiya ka tafi sama ba ka yi mini sallama ba."

"Zamewa na yi."

"Haka aka ce. An ce ka zame har ka kusa kai Safo. Miƙo hannun nan in ga inda ka ƙuje."

Na miƙa. Ta ture hannun rigata sama. A damtsena ga jan shaci mai kusurwa huɗu, rinin fatar ya bi gumi ya zauna daram kamar hatimi. Ta dube shi, ta dube ni. Wasan ya fita daga fuskarta.

"Ni na kai wa baduku fatar nan da hannuna," ta ce. "Ina ka kai ta?"

Ta kama kunnena, ba ta sake shi ba sai a gaban Baffa, wanda aka mayar ɗaki. Na durƙusa na faɗi komai, har da tabkin da na gani daga sama, don na saba ba na iya ba da labari a taƙaice. Na jira mari. Baffa ya rufe ido, kafaɗunsa suka fara rawa, na ɗauka kuka yake. Ashe dariya ce, tana fita tana ƙara masa ciwo.

"Wayyo bayana. Kai, ɗana, da ita ka shiga kokowa?"

"Da ita, Baffa."

"Matso. Kawo hannunka."

Ya ɗaga rigarsa. A gefen cikinsa akwai tabon ɗinki, ƙarƙashin tabon kuma fata ta ɗan taso. Ya ɗora yatsuna a wurin. Na ji wani abu mai tauri a cikin naman, kamar kwalin ashana. Na fizge hannuna.

Ya yi mini bayani a hankali, yana hutawa tsakanin magana. Ya ce lokotoron can, wato likitan da ya yi masa aiki, ya gaya masa jijiyar ƙafarsa ce ta lalace, tana ta aika wa kai saƙon ciwo ko da babu abin da ya taɓa ta, kuma wuƙa ba za ta gyara ta ba. Sai suka shimfiɗa wata siririyar waya a jikin lakar bayansa, suka biyo da ita ƙarƙashin fata zuwa wannan ɗan akwati, wanda yake da pil, wato batir, a cikinsa. In akwatin yana aiki, yana sakin ƴar wuta kaɗan-kaɗan, sai ya ji kamar tururuwa suna tafiya a ƙafarsa a maimakon wayar wutar nan. Ciwon ba ya mutuwa, ya ce, rufe shi ake yi, yadda ganga take rufe kukan yaro.

"To layar fa?"

"Babu ko harafi ɗaya a cikinta. Mayen ƙarfe ne. In na ɗora shi a kan akwatin ya kunna, in na sake ɗorawa ya kashe. Sun ce in riƙa kashewa in zan kwanta don pil ya daɗe. Jiya na kashe na kwanta, kai kuma ka tafi da makunnin ka kai wa ƴan Safo."

Na tambaye shi me ya sa ya ɓoye. Kaka ce ta amsa.

"Don irinku. Shekara shida kuna ce masa na tabarma. In kuka ji da pil a cikinsa, wane suna za ku sa masa?"

Na sunkuyar da kai, don kafin ta rufe baki sunaye uku sun riga sun zo mini.

Tunda yanzu na san abin da nake nema, sai na ce ƙarfe zai nemo shi. Na kwashe manjagara da hauya biyu na gidanmu, na tara abokaina huɗu, na ce musu laya ce mai son ƙarfe. Muka yi ta jan ƙarafa a cikin yashin fili, gaba da baya, kamar masu shirin shuka a inda ba a shuka. Masu wucewa zuwa tabki suna tsayawa.

"Mi kuke nema?"

"Mutuncinsa," in ji ɗaya daga cikin abokan nawa. "Nan ya faɗi jiya."

Muka tono silifa guda, da ƙashin akuya, da haƙorin wani. Har rana ta take ba mu ga laya ba. Wataƙila ta manne a ƙarfen amalanken ƴan Safo ta bi su gida, wataƙila tana nan a ƙasa har yau. Na dawo da azahar hannu wofi, wuya ya ƙone.

Baffa bai ci komai ba tun jiya. Na zauna bakin ƙofa na ce ko a Maraɗi za a samu irinsa. Ya ce wa zai san inda ake sayarwa, kuma gobe da sassafe ne gayya.  Can ya ce, kamar mai magana da kansa, lokotoron ya taɓa gargaɗinsa kada ya jingina da babbar lasifika, wai akwai mayen ƙarfe a bayanta, tana iya kunna akwatin ko ta kashe shi ba da saninsa ba.

Ni da Kaka muka dubi juna. Babbar lasifika ɗaya ce a gidanmu, tana cikin rediyon Baba.

Sai an san rediyon nan za a gane nauyin maganar. Tela ya ɗinka masa riga ta musamman mai maɓalli. Baba yana goge shi da gefen rawaninsa. Da shi yake karyawa, da shi yake zama a zaure da yamma, maƙwabta suna zagaye da shi ana jin labarun duniya. Na taɓa murɗa shi sau ɗaya ina ɗan shekara tara, kuma har yau in na ga irinsa sai bayana ya tuna.

"A'a," in ji Baffa. "In Yaya ya ji, cewa zai yi mutumin da pil yake tuƙawa ba shi da ta cewa a gona. Gara a ce ciwo ne ya dawo."

"In ciwo ne ya dawo, gonar ta tafi," Kaka ta ce. "Ni na haife ku duka biyun. Kai kuma, maigida, tafi ka kira ubanka. Kuma kai za ka faɗa masa da bakinka."

Tafiyar daga ɗakin Baffa zuwa zaure taku ashirin ce, amma na yi ta kamar mai zuwa Yamai a ƙasa. Baba ya zo ya tsaya a tsakiyar ɗakin. Na sake durƙusawa na maimaita labarin, wannan karon ban sa tabki ba. Bai ko dube ni ba. Baffa ya ɗaga riga. Baba ya tsuguna, ya ɗora tafin hannunsa a kan tabon, ya daɗe bai ɗauke ba.

"Wata nawa kana yawo da wannan a cikinka," ya ce, "ni da muka sha nono ɗaya ban sani ba, sai wannan ɓeran ya riga ni?"

"Na ji tsoron abin da za ka ce, Yaya."

"Mi zan ce?"

"Ka ce da pil nake tafiya."

"Ni da mi nake tafiya? Ba da tuwo ba? Hana ni shi kwana biyu ka ga ko zan kai gonar." Sai a lokacin ya juyo gare ni. "Tashi ka ɗauko rediyo. Da hannu biyu. In ka yar da shi, ka bi ƴan Safo kai ma."

Na kawo shi kamar mai ɗauke da jariri. Aka cire masa riga, aka kwantar da shi a kan cikin Baffa. Muka jira. Babu komai. Aka juya shi ta baya, babu komai. Kaka ta ce a kunna, wataƙila sai yana magana yake aiki. Baba ya kunna. Ga Baffa kwance yana nishi, ga wani mutum yana karanta labarun duniya daga kan cibiyarsa. Matar Baffa ta toshe baki da gyale ta fita waje.

"Yana can ciki, ya yi nisa da fata," in ji Baffa. "Bari kawai, Yaya."

Baba ya kashe rediyon. Ya zauna a ƙasa, ya ɗora shi a cinya, ya zaro ƴar wuƙarsa ta yankan goro. Da bakinta ya warware kusoshin ɗaya bayan ɗaya, yana jera su a kan hularsa. Ya buɗe bayan. Ga lasifikar, ga wani baƙin ƙarfe zagayayye manne a gindinta. Ya gwada ciro ta a hankali, ta ƙi. Ya sa wuƙa ya tsinke wayoyin, ya ɓanɓare ta, takardar bakinta ta yage har ƙasa. Na ji yagewar nan a cikin haƙorana. Da ya kusantar da wuƙar sai ta manne wa baƙin ƙarfen, ƙyas, irin ƙarar da na ji a jikin ƙusa.

Ya miƙa wa Baffa. Baffa ya danna shi a kan tabon, ya ɗauke, ya yi shirun nan nasa na sauraro. Duk muka yi shiru tare da shi, har akuyar da ke waje.

"Tururuwa sun dawo," ya ce.

Bai miƙe nan take ba, don ciwon kwana guda ba ya sauka a lokaci ɗaya. Amma kafin la'asar ya zauna ya sha fura, kafin magariba ya fita da butarsa.

Hukuncina kuwa Baba bai sa hannu ba. Ya ce tunda ni na kashe masa rediyo, ni ne rediyonsa. Kowace safiya in je teburin mai shayi in saurari labaru, in dawo in tsaya a zaure in karanta masa. Na yi wata biyar ina wannan aiki. Matsalar ita ce halina bai canza ba. In an ce an yi ruwa a wata ƙasa, kafin in iso gida ya zama ambaliya ta cinye birni. Baba yakan saurara har ƙarshe, ya ce, "To, rage rabi," in rage, ya ce, "Sake ragewa." Maƙwabta suka riƙa zuwa fiye da lokacin rediyon gaske.

Ranar Alhamis Baffa ya fita tare da masu gayya bayan sallar asuba, baƙin ƙarfen yana aljihunsa a ƙulle cikin tsumma. Ya taka har gonar. Ba shi ne ya fi kowa yanka ba, kuma sau biyu na ga ya zauna a gindin gawo yana murza ƙafar. Baba ya gan shi, ya juya baya ya ci gaba da ɗaure dami. Da yamma aka ɗora dawa a amalanke, mai jakin ya ce Baffa ya hau, ya ce a'a. Mu ne na ƙarshe da muka shiga gari, shi da Baba a gaba suna tafiya a hankali, ni a baya ɗauke da tulun ruwa da babu komai a cikinsa sai iska.

Da damina ta zagayo shi ya shuka gonar. Kaka ta sa baduku ya ɗinke sabon ƙarfen a baƙar fata, ya yi girma har ba wanda zai ce laya ce, kuma Baffa bai sake rataye shi a ƙusa ba. Ya noma gonarsa damina huɗu. A ta biyar pil ɗin cikin akwatin ya ƙare. Aka rubuta wa kamfanin takarda sau uku, amsa ba ta zo ba. Baffa ya koma tabarmarsa ƙarƙashin dogon yaro, gonar ta zauna da sunansa, ni nake noma masa ita har ya rasu.